Shekara takwas muna haya a Edmonton kafin muka riƙe makullin kanmu

Assalamu alaikum. Tun da muka tare a gidan da muka saya a Edmonton ta ƙasar Kanada a watan Satumban 2024 ban huta da tambaya ba, wasu su kira waya wasu su tare ni a masallaci bayan Juma'a, Anti ya kuka yi, da gaske babu riba a ciki, nawa kuka ajiye, wane kamfani ne. Na gaji da ba da labari guntu-guntu shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda ya faru, da zaƙinsa da ɗacinsa, don wallahi akwai ɗaci kuma ba zan ɓoye ba. Sunan kamfani kam ba zan kama ba, ni ba talla aka ɗauke ni ba.

Ni 'yar Zariya ce, a babban gida na tashi, irin wanda sai ka wuce zaure biyu kafin ka ga tsakar gida, kowace mata da sashenta, yara kuwa ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga mu. Baƙo namiji iyakarsa zaure, a kai masa ruwa da abinci can. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai inda yawan 'ya'ya zai hana mutum samun wurin kwana ba sai da muka sauka Kanada a 2016, ta wannan tsarin na Express Entry na ɗaukar baƙi masu sana'a da suka fara a 2015. Mu shida ne, ni da Abbansu da yara huɗu, babbar mace tana shekara 9 sai maza uku a bayanta, ƙaramin ko yaye bai daɗe da yi ba.

Sati uku muka yi a besmen, wato sashen da ke ƙarƙashin gida, na wani bawan Allah ɗan Kano da ya riga mu zuwa, Allah ya saka masa, kullum Abbansu yana kan waya yana neman haya. Abu ɗaya ne ke ta maimaituwa. Za a fara magana lafiya lau, eh gidan yana nan, eh ku zo ku gani, sai a ce ku nawa ne, da yace shida sai kaji murya ta canza, wai bari su duba za su kira, shikenan an sha mu. Wasu gine-ginen ma a lokacin ƙarara suke rubuta cewa na manya ne kawai ba a shiga da yara, sai a farkon 2018 ne dokar Alberta, lardin da Edmonton take ciki, ta hana haka a gidajen haya. Ga kuma maganar kiredit, wai tarihin bashinka. Mu da muka zo muna alfahari ba a bin mu ko sisi ashe a nan wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne abin tsoro, don ba su da inda za su duba su ga ko kana biya. Ƙarshe dai muka samu mai ɗaki biyu a hawa na uku can arewacin gari, shi ma sai da mai masaukinmu ya sa hannu ya tsaya mana.

Muka je muka cike fom na gidajen gwamnati masu rangwame, a nan ne na fara jin wata ƙa'ida da suke aiki da ita a ƙasar, wai ɗaki ɗaya kada ya wuce mutum biyu, kuma mace da namiji in sun kai shekara 5 ba za su haɗa ɗaki ba. Da farko har daɗi naji, nace ai wannan ya ma fi namu tsauri, mu a shekara goma aka ce a raba musu makwanci. Matar da ke karɓar fom ɗin ta lissafa tace mu ɗaki huɗu ya kamace mu. Toh masu ɗaki huɗun 'yan kaɗan ne kuma wanda ya shiga ba ya fita, layi kuwa sai dai a yi ta jira. Nace toh a ba mu mai uku mana mu lallaɓa, tace a'a ya yi muku kaɗan. Wato saboda uku ya yi mana kaɗan sai mu koma mu ci gaba da zama a biyu. Har yau in na tuna sai in yi dariya, amma ranar a cikin bas kuka na yi.

Zaman wancan gidan ba zan manta da shi ba. Mazan uku a ɗaki ɗaya kan gado mai hawa, babbar kuma muka sa mata labule a lungun falo, nan ne ɗakinta, kayanta a akwati ƙarƙashin kujera, in za ta canza kaya sai ta ɗauka ta shiga bayi. Kicin da falo a haɗe suke babu ko bango, in abokan Abbansu suka zo gaisuwa ni da hijabi har ƙasa nake tuƙa tuwo suna zaune suna kallon bayana, zufa na karyo min ga hita a kunne. Ka soya albasa alam ɗin hayaƙi ya ɗauki ƙara, ka sa turaren wuta alam ya ɗauki ƙara, daddawa kuwa sai da aka manna mana takarda a ƙofa wai maƙwabta sun yi ƙorafin wari a baranda.

Amma wanda ya fi tsaya min shi ne na buta. Bayinsu ba irin namu ba ne da ake yin makwarara a ƙasa, daɓen ba a yi shi don ruwa ba sam, ƙarƙashinsa katako ne. Yara huɗu suna tsarki suna alwala sau biyar a rana suna ɗaga ƙafa cikin abin wanke hannu, ni ina ta gogewa da tawul amma ashe ruwa na bi ta gefen masai yana sauka. Wata ranar Asabar da safe aka buga ƙofa, na leƙa naga tsohuwar da ke ƙasanmu da rigar barci, ta kama hannuna ba ta ce komai ba ta ja ni har bayinta ta nuna min silin, ya kumbura ya yi wani rawaya-rawaya yana ɗiga cikin bokiti. Wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ba ta yi faɗa ba, baiwar Allah, cewa ma tayi ko bututu ne ya fashe, ni kuma na rasa ta yadda zan fara yi mata bayanin buta da turancina na lokacin. Da za mu tashi daga gidan kuɗin ajiyar da muka bayar na wata guda ko dala ɗaya ba a dawo mana da ita ba, har ciko aka nema.

A 2018 muka koma wani mai ɗaki uku irin jerarrun nan masu bene da suke manne da juna, lokacin Abbansu ya bar aikin sito ya samu na gyaran injuna, da daddare kuma yana ɗan jan Uber, ni ma na yi kwas na kula da tsofaffi na fara aikin dare. A 2019 na haifi auta, mace. Daga nan ne muka fara ajiya da niyyar gida, kuɗin yara da gwamnati ke turowa duk wata muka ce ba mai taɓa rabinsa ko me za a yi.

Sai korona ta zo. A 2020 babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.25, bankuna suna ta ba da mogej, wato bashin sayen gida mai ruwa, kamar ana rabon goro, kuma ƙa'idar ita ce in gidan bai wuce dala 500,000 ba kashi 5 kawai za ka ajiye, sauran banki ya biya, sai dai a ɗora maka inshora tunda abin da ka ajiye bai kai kashi 20 ba. Kafin kace kwabo duk waɗanda muka zo tare da su sun saya. Wannan wata walimar tarewa wancan wata walimar tarewa, ni ce mai dafa waina da miyar taushe a kai, in dawo gidan haya in kwanta ina kallon silin. Gidan da ya dace da mu a lokacin wajen dala 360,000 ne, kashi 5 ɗinsa 18,000, kuma muna da ita a asusu har da ɗoriya.

Nan ne muka yi rigimar da ba mu taɓa irinta ba tun aurenmu. Muna dawowa daga wata walimar ne, yara sun yi barci a baya, dusar ƙanƙara na zuba, nace Abbansu wai mu mun fi kowa tsoron Allah ne? Wane da yake jan mu sallah a tarawihi ai banki ne ya saya masa. Nace akwai fatawa, kuma da gaske akwai, majalisar malaman fatawa ta Turai ta fitar tun 1999 cewa musulmin da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe in ba shi da gidan kansa kuma babu wata hanya ta halal zai iya karɓa saboda buƙata, na karanta ta na haddace kamar zan yi jarabawa. Nace shekara biyar muna zuba wa wani kuɗi yana biyan nasa mogej ɗin da guminmu, ribar da kake gudu ai mu ne muke biya masa ita a fakaice. Ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan yace shi bai ce waɗanda suka karɓa 'yan wuta ba ne kuma ba zai taɓa faɗa ba, amma shi ayar nan ta ƙarshen Baƙara da aka ce a yi shirin yaƙi da Allah da ManzonSa ba ta barinsa barci, yace ina da rufi a kaina, yarana ba a titi suke kwana ba, da wane baki zan ce larura ce. Nace 'yarka shekara biyu tana canza kaya a bayi wannan ba larura ba ce? Yace ai yanzu tana da ɗaki. Kwana huɗu ban yi masa magana ba sai gaisuwa da ga abincinka.

Gaskiya ba wai na gamsu ba ne a lokacin, haƙura kawai na yi don na san halin mijina, in ya sa hannu a takardar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba to ni ce zan zauna da mutumin da ba ya barci shekara 25.

Toh sai muka koma neman na halal ɗin. A nan ne ido ya raina fata. Akwai su, ba wai babu ba, akwai ma wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta musulmi a yankin Toronto da tun farkon shekarun 1980 suke haɗa kuɗi suna saya wa junansu gidaje, amma sai ka sayi hannun jari ka shiga layi ka jira. Sauran kamfanonin kuma kowanne da tsarinsa. Wasu murabaha suke yi, wato a sayi gidan a sayar maka da shi da ƙarin riba ta ciniki da aka yanke tun ranar farko, ka yi ta biya wata-wata. Wasu musharaka, ku mallaki gidan tare kana biyan hayar kason su kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka duka. Wasu ijara, haya ce da ke ƙarewa da mallaka. Wanda ya san yadda bankin Jaiz ke yi a gida Najeriya ba zai ji baƙon abu ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba mai sauraronka da kashi 5, daga 20 ne zuwa 25, kuma abin da za ka riƙa biya a wata ya fi na banki.

Na tambayi wani ma'aikacinsu ɓaro-ɓaro nace Malam don Allah me yasa halal ta fi haram tsada, ko don kun ga ba mu da yadda za mu yi ne? Bai ji haushi ba, yace Hajiya banki da kuɗin ajiyar mutane yake ba da bashi wanda kusan kyauta yake samunsu, ga inshorar gwamnati ta tsaya masa in mutum ya kasa biya, mu kuwa wajen masu zuba jari muke karɓo kuɗi kuma su ma riba suke jira, inshorar nan ba ta rufe irin cinikinmu, shi yasa dole ku ajiye da yawa. Yace a Amurka abin ya fi sauƙi don tun wajen 2001 Freddie Mac, wani babban kamfanin bashin gidaje na can, ke sa kuɗi a irin wannan ciniki, a Ingila kuma tun 2003 aka cire harajin da ake biya sau biyu in gida ya canza hannu sau biyu, nan Kanada ne aka makara. Na fahimci bayaninsa, amma fahimta ba ta rage ko dala ɗaya ba. Ga kuma tsoro, don duk wanda ka yi wa maganar sai ya tuna maka da kamfanin nan na Toronto da ya durƙushe a 2011 ya bar iyalai cikin zullumin ko gidajensu na nan ko babu.

Shekaru ukun da suka biyo baya su ne mafi wuya kuma ba wanda yake faɗa wa mutane wannan ɓangaren. Kuɗinmu na zaune a asusun da ba ya haihuwa don mun ce kar a sa mana ruwa. Duk Ramadan mu cire zakka kashi biyu da rabi tunda ya wuce nisabi kuma shekara ta zagayo, wannan kam haƙƙin Allah ne ba na ƙorafi. Amma ga tsadar kaya, a tsakiyar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 8, ga gwamnatin Alberta ta shiga tallata lardin a Toronto da Vancouver tana cewa mutane su taho, suka kuwa taho, gidaje suka tashi haya ta tashi. Kuma a Alberta babu dokar da ta ƙayyade nawa mai gida zai ƙara, sau ɗaya dai a shekara, ya ba ka notis na wata uku, ko nawa ya ga dama. Mu ana kukan targaɗe sai ga karaya, shekara biyu a jere ana ƙara mana. Muna gudu kashi 25 ɗin na gudu a gabanmu. Akwai daren da na zauna a wurin aiki wajen ƙarfe uku, tsofaffina duk sun yi barci, na ɗauki biro na lissafa abin da muka biya na haya tun zuwanmu, da naga jimillar sai na yaga takardar na zuba a shara don kar in je gida da ita.

A 2023 kuma Hajiya, mahaifiyar Abbansu, ta zo da bizar nan ta iyaye mai dogon zama, muka zama mu takwas. Aka haɗa ta ɗaki da 'yan matan biyu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ga bene, bayi a sama kicin a ƙasa, in ta sauko da safe ba ta komawa sai dare, alwala a kicin take yi. Ita ce ma ta ba mu dariya ranar farko, aka shimfiɗa mata darduma ta ce a'a ku juya min ita gabas, aka ce Hajiya nan alƙibla arewa take ta ɗan karkata gabas kaɗan, ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin an yi sallah ana kallon arewa ba sai a ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu.

Kada in yi rashin adalci, a wannan tsakanin ne kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya kai kashi 5 a Yulin 2023, kuma mogej ɗin nan yawanci duk shekara biyar ake sabunta shi, wasu ma nasu mai hawa da sauka ne, na ga ƙawayena da biyan watansu ya yi tsalle suka shiga wani hali. Akwai masu cewa ai ga shi nan Allah ya nuna musu. Ni ban taɓa faɗa ba kuma ba na son ji, don duk da haka gidajensu sun ƙara daraja su kuma sun rage bashi, mu kuma muna nan da rasit ɗin haya. In lissafin duniya ne zalla sun fi mu, gaskiya ɗaya ce.

Yadda kuɗin ya haɗu kuwa, tsintsiya ce. Da aka buɗe asusun nan na masu sayen gidan farko a 2023, wanda mutum ke iya zuba dala 8,000 a shekara a rage masa haraji, ni da shi kowa ya buɗe muka cika na shekara biyu. Muka sayar da filinmu na Kaduna da muka ci burin ginawa, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas, kuɗin da a gida za a ce mun yi arziki da aka canza shi sai ya koma abin tausayi. Na sayar da gwal ɗina na aure har da sarƙar da mahaifiyata ta ba ni, wannan ba na son yawan tuna shi. Wani abokin Abbansu ya ranta mana dala 10,000 ba takarda ba shaida yace in kun samu. Sai adashi. Mu goma sha biyu ne mata, Hausawa huɗu, sauran Yarbawa da Somaliyawa da 'yar Sudan ɗaya, kowa da sunan da take kiransa, Somaliyawan suna cewa hagbad Yarbawan suna cewa ajo, dala 1,000 duk wata, na roƙi a bar min kwasar ƙarshe.

Adashin nan sai da ya kusa ɓata komai. Ana neman bayanan asusu na wata uku kuma duk kuɗin da ya shigo sai ka faɗi daga ina, saboda dokar hana wanke kuɗin haram. Sai ga dala 11,000 sun shigo min daga mata goma sha ɗaya cikin kwana biyu. Matar da ke duba takardunmu ta kira tace wannan fa, kyauta ce? Nace a'a. Bashi ne? Nace a'a, kuɗina ne. Tace kuɗinki ne amma wasu ne suka turo? Nace eh ai ni ma na tura musu wata goma sha ɗaya. Tace ina yarjejeniyar da kuka sa wa hannu? Nace babu, amana ce. Shiru tayi. Allah ya taimake ni uwar adashinmu 'yar Somaliya irin matan nan ne masu tsari, tana da littafi mai bangon kore da take rubuta komai da kwanan wata, muka ɗauki hoton kowane shafi, na bi asusuna na fito da duk turawar da na yi wata-wata na ja musu layi da jan biro, kowace mace ta rubuto 'yar wasiƙa ta sa hannu. Kwana tara aka yi ana wannan, mai gidan da muke son saya har ya fara cewa zai ba wani.

Gidan kansa tsoho ne, ginin shekarun 1970, mara bene, ɗaki uku a sama biyu a besmen, ba nisa da masallacin Al Rashid. Wannan masallacin asalinsa shi ne na farko a duk Kanada, 1938 aka buɗe shi, kuma mata ne suka tsaya a kan tara kuɗinsa, wata 'yar Lebanon Hilwie Hamdon ce ta ja gaba, yanzu har makaranta aka sa wa sunanta a garin. Tsohon ginin an ɗauke shi an kai wurin ajiye kayan tarihi na Fort Edmonton Park, na kai yara sun gani. Dillalin da ya kai mu ganin gidan yana ta ba mu haƙuri, wai kicin ɗin tsohon yayi ne a rufe yake amma ana iya fasa bangon a haɗe shi da falo. Nace kar wanda ya taɓa min bangon nan. Kicin mai ƙofa, a rufe a yi girki ba hijabi. Sannan akwai wata ƙofa ta gefe da in ka shiga matakala ce kai tsaye zuwa besmen ba sai ka bi ta cikin gida ba. Abbansu ya tsaya a bakinta ya kalle ni yace kin ga zaure. Mun ga gidaje sun fi goma sha biyar, sababbi masu ƙyalli, duk falo da kicin a haɗe da tagogi manya kamar shago, wannan da kowa ke rainawa shi ne kamar da mu aka yi shawara aka gina.

Dala 415,000 aka tsaya, muka ajiye 104,000, sauran aka yi murabaha na shekara 25. Mun ɗauki lauyanmu daban wanda ba na kamfanin ba, kuma duk mai shirin yi ina roƙonsa ya yi haka, ya zauna da mu awa biyu muna tambaya, sunan wa zai hau takardar gida, in mun makara da biya me zai faru kuma tarar ina take zuwa, in mun samu kuɗi muka biya da wuri za a rage mana ko sai mun biya duka ribar, in ɗayanmu ya rasu fa, in kamfanin ya rushe fa. Mun kuma kai wa wani malami da ya karanci fiƙihun ciniki ya duba. Ranar sa hannu da naga jimillar abin da za mu biya a shekara 25 a rubuce baƙi da fari, kusan 690,000, hannuna sai da ya yi rawa. Da banki muka je da biyanmu na wata ya ragu da kusan dala 500. Na san akwai masu cewa ai duk ɗaya ne suna kawai aka canza, har a cikin danginmu, ni ba malama ba ce, abin da na sani an sayar mana da gida a kan farashi sananne da ba ya ƙaruwa, malaman da muka yarda da su sun ce ya halatta, kuma mijina yana barci.

Abin da ke ci min rai har yanzu shi ne waɗanda ba za su taɓa iya haɗa kashi 25 ba. Mu biyu ne muke aiki, da turancinmu da takardunmu da fili a gida da gwal, amma sai da muka yi shekara takwas. Ina maƙwabciyata ta gidan haya 'yar Siriya mai yara bakwai da miji mai ciwon baya? Ita ko bankin ma ba zai kalle ta ba balle na halal, kuma mai ɗaki biyar na haya in an samu kuɗinsa ya fi ƙarfinta. A kasafin kuɗin tarayya na Afrilun 2024 an ambaci mogej na halal cewa za a duba yadda za a faɗaɗa shi, aka yi ta surutu a kai wasu har da zagi kamar kyauta aka ce za a ba musulmi, alhali mu ne ma muke biyan fiye da kowa. A ƙarshen shekarar kuma Alberta ta gyara dokarta don cibiyoyin kuɗi na lardi su iya yin irinsa. Ina fata ya sa farashi ya sauko, ko mu bai amfane mu ba ya amfani na baya. Kuma da masu kuɗinmu da masallatanmu za su haɗa hannu a gina gidajen haya masu ɗaki huɗu da biyar a matsayin waƙafi da sun share hawayen da ba su san ana yi ba, ba kullum faɗaɗa wurin ajiye motoci ba.

Yanzu dai muna ciki. Abu na farko da muka yi kafin ko labule shi ne kiran mai gyaran famfo ya sa mana abin tsarki mai tiyo a bayi biyun, na ƙasan kuma da yake daɓen siminti ne aka yi wa yara wurin alwala da 'yar kujera da makwarara. Mazan suna besmen, Hajiya tana ɗakin da ke kusa da bayi ba hawa ba sauka, babbar kuma da take shekara 17 lokacin da muka tare ta samu ɗakinta ita kaɗai, auta muka sa mata gado a namu tukunna. Ban daina aikin dare ba, na ma ƙara kwana ɗaya a sati, Abbansu bai ajiye Uber ba, bashin abokinsa saura dala 4,000. Watan Janairu tukunyar ɗumama gida ta mutu cikin dare ana sanyin da ya wuce 30 ƙasa da sifili, na ɗauki waya zan kira mai gida sai na tuna mu ne, muka kwashe yara da Hajiya muka tara su a falo da barguna da 'yar hita ɗaya har gari ya waye, gyaran ya cinye kuɗin da na fara tarawa don in mayar da sarƙar mahaifiyata.